Ƙwai Bakwai na Surukar Gwadabe

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Gwaram ya san muryar Gwadabe, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan kamasho ne, shekara goma sha tara yana kiran "Birnin Kudu, saura mutum ɗaya!" alhali babu kowa a motar sai direba yana gyangyaɗi. Aikin baki ne, kuma Allah ya ba shi jari. A bakin Gwadabe babu abin da bai iya ba. Ya taɓa gyara injin ban ruwa da cokali, ya taɓa yi wa raƙumi ɗori, kuma da ba don mahassada ba da tuni yana Dutse ana neman shawararsa. Mutane sun saba, sukan ce masa Allah ya ƙara basira su wuce.

Wata Talata da farkon damina ya raka wani direba Birnin Kudu kai buhunan dusa gidan wani mai kiwon kaji. A nan ya ga akwati mai ƙofar gilashi cike da ƙwai, gulob yana ci a ciki, 'yan tsaki suna fasa ɓawo suna fitowa babu kaza ko ɗaya a kusa. Ya yi tambaya uku, aka ba shi amsa uku. A ba ƙwai ɗumi, a ajiye ɗan ruwa a kwano, a riƙa juya shi sau uku a rana har kwana goma sha takwas, sannan a rufe kada a buɗe sai ranar ashirin da ɗaya. Mai gidan ya buɗe baki zai ƙara ta huɗu, Gwadabe ya ɗaga masa hannu ya ce ya isa, shi ba a yi masa karatu sau biyu.

Da la'asar ya sauka a teburin Ɗanbala mai shayi, wanda yake ɗan kawunsa kuma abokin wasansa, ya bugi tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Jama'a, ku shaida. Daga yau kaza ta yi ritaya a garin nan."

Ɗanbala bai daina sheƙa shayi ba. "Wa ya sallame ta?"

"Ni. Mece ce kaza? Ta kwanta a kan ƙwai goma, ta ɓata uku, ta tashi tana hura hanci. Ni sittin zan kwantar a tashi ɗaya, kuma ko sisin kowa ba na so. Suna nake nema."

"Sunan ai kana da shi," in ji Ɗanbala. "Sai dai ba a faɗa a gabanka."

Kwana biyu bayan haka aka ga amalanke ya sauke mataccen firji a zauren Gwadabe. Ya huda shi ta gefe, ya rataya gulob biyu a ciki, ya jona su da batirin sola da ya ciro daga ɗakinsa, ya sayo abin auna zafi a kemis ya liƙa da salatif. Matarsa Bara'atu ta leƙo daga cikin gida ta daɗe tana kallo.

"Malam, firji dai na sani da sanyi aka san shi."

"Shi ya sa ke kike Bara'atu ni nake Gwadabe. Ina ƙwan kazarki?"

"Ta hau kwanci tun jiya, ka rabu da ita."

Bai rabu da ita ba. Ya ɗage kazar tana tsattsage masa hannu, ya kwashe ƙwai goman da ke ƙarƙashinta, ya tsoma ta a bokitin ruwa sau uku yadda ake yi wa kazar da ake so ta manta da kwanci. Kazar ta fito tana kakkaɓe jiki, ta haye katanga, ta koma kiwonta kamar ba ta taɓa sanin ƙwai ba.

Labari ya zaga unguwa cewa Gwadabe zai ƙyanƙyashe wa kowa kyauta, kuma kyauta ba ta da maƙiyi. Hawwa mai ƙosai ce ta fara kawo goma sha biyu a faifai, tana cewa ita ba ta yarda ba amma ba za a yi babu ita ba. Sauran matan suka biyo, mai biyar, mai takwas, mai uku. Hawwa ta tsaya a bakin zaure ta riƙe ƙugu.

"To yanzu ka tara ƙwan duniya wuri ɗaya, yaya za a yi kowa ta gane nata?"

Gwadabe ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa tambayar da ya daɗe yana jira. Ya zaro biro daga aljihu, ya ɗauki ƙwai ya rubuta HAWWA a jikinsa ɓaro-ɓaro, ya ɗaga kowa ya gani.

"Tsari ke nan. Kowane ƙwai da sunan mai shi. Ko alƙali ya gani sai ya sara mini."

Mata suka ce lallai ilimi ya yi. Ya zauna ya rubuce ƙwai hamsin da shida, yana yi yana lasar baki.

Yana jera na ƙarshe sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida, yana tafe a hankali kamar ya ɗauko mara lafiya. A bayansa Inna Kubura ce, mahaifiyar Bara'atu, daga Basirka, rungume da ƙwarya an ɗaure bakinta da ɗankwali. Gwadabe na ganinta ya cire takalmi ya zube a ƙasa, muryar nan da ke kaiwa bakin kasuwa ta koma kamar ta sauro. Duk faɗin Gwaram mutum ɗaya ke rufe masa baki, ita ce surukarsa. Shekara goma sha shida da auren 'yarta, ba ta taɓa zaginsa ba, ba ta kuma taɓa yabonsa ba, kuma wannan na biyun ya fi ci masa rai.

Inna ta amsa gaisuwa tana kallon bango, ta shige ciki. Daga zaure ya jiyo ta tana ba 'yarta labari. Muzuru ya kama mata kazarta wake-wake, mai ɗigon fari da baƙi, shekaranjiya. Ba kaza ce kamar kowace ba, irin da mahaifiyarta ta ba ta ne ranar da aka kai ta ɗakin miji, shekara arba'in da uku uwa na barin 'ya, 'ya na barin jika, irin bai taɓa yankewa a hannunta ba. Yanzu babu saura sai ƙwai bakwai ɗin nan da ke kwance cikin dusa. Ta ji an ce kazar Bara'atu na shirin kwanci, shi ya sa ta yo tattaki.

Bara'atu ta nuna kan katanga, inda kazar ke tsaye tana gyara gashi hankali kwance, ta faɗi abin da ya faru.

Inna ta fito bakin zaure ta dubi firji sama da ƙasa. Ba ta dubi Gwadabe ba, don ita ba ta yi masa magana kai tsaye.

"Bara'atu, tambayi mijinki, abin nan ya taɓa haihuwa?"

Gwadabe, kansa a ƙasa, ya ce, "Ki gaya wa Inna, in Allah ya yarda bakwai ta kawo, bakwai za ta koma da su. In ɗaya ya yi ciwon kai, kada a ƙara kirana Gwadabe."

"Ki ce masa ni ba sunansa nake so ba, irin uwata nake so."

Ta ajiye ƙwaryar a gabansa, idonta ya ciko, ta juya da sauri don kada a gani. Da ta koma Basirka da yamma, Gwadabe ya ɗauki biro ya kai kan ƙwan farko, sai hannunsa ya tsaya. Yaya za a yi mutum ya rubuta sunan surukarsa, sunan da ko a mafarki ba ya faɗa? Bara'atu ta ce ya rubuta Inna kawai. Ya ce Inna uku ke cikin firjin nan tuni, kuma ma shi ba zai ɗora biro a kan kayan suruka ba, ba a haife shi da rashin kunya ba. Aka bar bakwai ɗin farare, aka ce duk wanda ba shi da suna na Basirka ne.

Daga ranar tashar Gwaram ta shiga uku. Gwadabe zai cika mota saura mutum biyu, sai ya dubi rana ya yi salati ya zura da gudu, ya bar fasinja da direba suna kallon juna. Juya ƙwai sittin da uku ba wasa ba ne, ga shi kowane sai ya yi masa bisimilla. Da yake kuma mutane sun gaji da sauraronsa, sai ya samu waɗanda ba sa tashi su bar shi. Yakan durƙusa gaban firji ya ba ƙwai labarin raƙumin da ya yi wa ɗori, da ranar da ya tsayar da tirela da hannu ɗaya, har Bara'atu ta ƙwala masa kira cewa ya rufe ƙofa ɗumi na fita.

Ranar kwana goma sha biyu ya ga abin ya yi kyau da yawa a ce shi kaɗai ke gani. Ya gayyato Mai unguwa Yunusa, dattijo mai haƙuri da ba ya ƙin gayyata, da Ɗanbala, da duk wanda zaure ya ɗauka. Aka rataya bargo a ƙofa don a yi duhu. Ya kunna fitilar wayarsa ya kanga ƙwai a kai, sai ga jijiyoyi ja, ga wani ɗan baƙin abu yana motsi. Zaure ya ɗauki "Ikon Allah!" Kan Gwadabe ya ƙara girma. Ya ɗauko wani mai sunan Hawwa, wanda ya yi duhu gaba ɗaya.

"Ranka ya daɗe, wannan ka ga ya cika ƙwai taf? Zakara ne. Ni daga nan ina hango zankonsa. Bari ka ji, in na ƙwanƙwasa zai amsa."

Ya ƙwanƙwasa da farce. Ƙwan ya amsa. Ya yi wata ƙara fus, ya tarwatse a fuskar Gwadabe, ragowar ta sauka a rawanin Mai unguwa. Baragurbi ne na gidan gaske. Wari ya turnuƙe zaure, mutane suka yi ƙofa a tare suka naɗe cikin bargo, aka fito waje ana tari ana tofar da yawu.

Ɗanbala ya toshe hanci ya ce, "Gaskiya zakaran nan ya yi cara da wuri."

Mai unguwa ya warware rawani ya riƙe shi nesa da jiki, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi gida da hula kaɗai. Hawwa kuwa har gida ta biyo, ta ce ƙwanta lafiyayye ta kawo, firjin ne ya yi masa baki.

Ana wata ga wata. Ranar kwana goma sha biyar hadari ya haɗo, aka wayi gari ana yayyafi, rana ta ƙi fitowa yini guda. Washegari ma haka. Da hantsi gulob ya yi ja, ya yi ƙyaf-ƙyaf, ya mutu. Gwadabe ya dubi abin auna zafi ya ga yana sauka. Ya ɗebo garwashi a kasko zai cusa cikin firji, Bara'atu ta tare shi ta ce in dafaffen ƙwai yake so ta fi shi iya dafawa. Ta tafasa ruwa ta cika jarkoki biyu, ta naɗe su da tsumma ta ajiye a ƙasan firji, zafi ya fara dawowa kaɗan-kaɗan.

"Abin da nake shirin cewa ke nan," in ji Gwadabe.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta da jarka ba a kan ƙwan Basirka. Ya tsamo fararen nan bakwai, ya jera su a kan tumbinsa cikin auduga, ya sa Bara'atu ta ɗaure shi da zane tamau, ya zura riga biyu, ya lulluɓa da bargo, ya jingina da bangon zaure ya miƙe ƙafa. Tari ya zo masa ya haɗiye. Ƙuda ya sauka a hancinsa ya bar shi. Ƙafarsa ta yi sanyi ta mutu, bai motsa ba, don duk lokacin da ya rufe ido fuskar Inna yake gani tana juyawa don kada a ga hawayenta.

Haka Ɗanbala ya same shi, da ya zo jin dalilin da ya sa tasha ta yi tsit.

"Lafiya? Zazzaɓi ne?"

"Tafi abinka," in ji Gwadabe, leɓe kawai ke motsi.

"Tashi mana mu gaisa."

"Ba na tashi."

Ɗanbala ya ɗaga gefen bargo, ya ga ƙullin zane, ya ga tudu bakwai. Ya saki bargon a hankali, ya fita bakin ƙofa, ya tattara duk ƙarfinsa.

"Jama'a ku zo! Wanda ya yi wa kaza ritaya ya karɓi aikinta! Gwadabe ya hau kwanci!"

Kafin azahar babu wanda bai leƙo ba. Wani ya watso masa tsabar gero, wata tsohuwa ta ce a kiyaye kada a matsa kusa, mai kwanci saran mutum take. Gwadabe ya cije, yana jin amsoshi goma-goma suna taso masa suna komawa, don in ya yi magana da ƙarfi tumbi zai motsa. Sai da la'asar sakaliya rana ta leƙo, gulob ya kama, aka kwance shi aka mayar da ƙwai. Da ya tashi sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Ranar goma sha takwas ya cika kwanon ruwa, ya rufe firji, ya sa masa kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Washegari aka fara jin ɗan ƙus-ƙus a ciki, ranar ashirin kuwa kuka ne sosai, tsiyau-tsiyau kamar an tara 'yan makaranta. Nan take Gwadabe ya manta da baragurbi, ya manta da kwanci. Ya aika Basirka a ɗauko Inna, ya bi gida-gida yana sanar da bikin buɗewa, ya karɓo aron babbar riga mai aska biyu.

Ranar ashirin da ɗaya da hantsi aka ciccibo firji aka ajiye ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, aka kewaye wurin da tabarmi a tsaye. Maza a gefe ɗaya, mata masu ƙwai a bakin zaure, Inna Kubura a kan kujera 'yar tsugunne da ƙwaryarta a cinya, Mai unguwa kuma ya zauna can nesa inda iska ke kaɗawa. Saboda Inna na wurin Gwadabe bai iya yin jawabin da ya shirya ba, amma ya rama da tafiya. Ya taka a hankali, ya saɓa riga, ya cire makulli, ya buɗe.

Sai ga su sun zubo. 'Yan tsaki busassu, masu laushi, rawaya da baƙaƙe da masu zane a baya, suna tuntuɓe da juna suna faɗowa kan tabarma. Aka ƙirga arba'in da ɗaya. Mata suka ɗauki guɗa, maza suka yi kabbara, Ɗanbala da kansa ya cire hula ya ce yau kam bakinsa ya mutu. Gwadabe ya ji kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya duba ƙwan da ba su fashe ba ɗaya bayan ɗaya, kowane da suna a jikinsa, babu fari ko ɗaya. Ya zo gaban Inna ya durƙusa cike da murna.

"Bara'atu, gaya wa Inna bakwai ɗinta duk sun fito."

Inna ta ce alhamdu lillahi har sau uku. Ta kwance bakin ƙwarya, ta gyara dusar ciki da tafin hannu, ta miƙa.

"To ki ce ya sa mini su a nan."

Gwadabe ya karɓi ƙwarya ya juya wurin tabarma, ya sunkuya, ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama. 'Yan tsaki arba'in da ɗaya suna ta kai da kawo, kuma babu ko ɗaya da ya fito da rubutu a jikinsa. Ya waiwaya ya dubi cikin firji. Sunayen suna nan, a jikin ɓawo, an tattake su sun zama gutsattsari, nan HA, can WA, can wani rabin harafi.

Guɗa ta tsaya. Hawwa ce ta fara ganewa.

"Gwadabe, ina sha ɗayana?"

"Ana nan ana tsari."

"Wane tsari? Sunana a ɓawo yake, ɓawo zan kai gida in ba shi dusa?"

Ya durƙusa ya fara ɗaukar ɗan tsako yana gwada shi da rabin ɓawo, ko zai shiga daidai. Na farko ya shiga. Na biyu ma ya shiga ɓawon nan dai. Na uku ya shiga ya yi kashi a ciki. Kafin ya ɗago, mata sun kewaye tabarma, kowace tana nuna mafi ƙiba tana rantsuwa cewa idon kazarta ne sak. Wadda ta kawo ƙwai uku ta gane guda tara. Inna na zaune da hannu a cinya, kuma zaman nata ya fi duk hayaniyar nan yi wa Gwadabe nauyi.

Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da kan zo wa mutum lokacin da ya kamata ya yi shiru. Ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, abu mai sauƙi! Uwa ba ta ɓata ɗanta. Kowace ta je ta kamo kazarta. Mu sake su a nan, kowace kaza za ta ja nata. Waɗanda suka rage babu uwa, su ne na Basirka, tunda tasu ta rasu."

Mai unguwa ya ce shi dai bai taɓa jin haka ba, amma a gwada. Cikin ɗan lokaci aka dawo da kaji tara, wata a hammata, wata a ɗaure da tsumma, wata mata ma ta haɗo da zakaranta wai shi ma uba ne yana da haƙƙi. Aka zuba su cikin tabarmi a tare.

Kazar da ba ta yi kwanci ba ba ta san wani ɗa ba. Ta Hawwa ta dubi 'yan tsaki ta kai wa na kusa sara. Biyu suka kama faɗa da juna. Zakara ya ga mata tara wuri ɗaya ya manta da abin da ya kawo shi. Kazar Bara'atu kuwa tana hango Gwadabe ta tuna da bokiti, ta yi fiffike ta bi ta kan Mai unguwa ta tafi da rawanin da aka wanke, ta haye darbejiya. Tabarmi suka faɗi, kaji suka watse cikin mutane, mata na ihu kowace na bin tata.

"Kai! Kai! A hankali! Za ku taka na Inna!" Gwadabe ya ƙwala da muryarsa ta tasha, ya manta da wanda ke zaune.

'Yan tsakin nan sun yi sati uku suna jin muryar nan ta cikin ɓawo, safe da rana da yamma, ba su san wata ba. Suna jin ta suka juyo gaba ɗaya, suka kwaso a guje, suka shige ƙarƙashin babbar rigar aro, suka lafe a kan ƙafafunsa suka yi tsit. Ba ɗaya da ya rage a waje.

Ɗanbala ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki don dariya.

"Ranka ya daɗe, shari'a ta ƙare. Ya ce uwa ba ta ɓata ɗanta. Ga 'ya'ya sun nuna uwarsu."

Aka fashe da dariya har da masu kuka. Gwadabe na tsaye ƙafa a ware, ba dama ya ɗaga ko yatsa, gumi na bin wuyansa. Mai unguwa ya karɓi rawaninsa da aka sakko da shi da gora, ya kakkaɓe, ya yanke hukunci. Ba mai ɗaukar ko ɗaya yau. Za su zauna hannun Gwadabe kwana arba'in, har gashi ya fito kowace mace ta gane kamannin kazarta, kuma ci da sha da tsaro duk a wuyansa, tunda kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Sannan Inna Kubura ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta.

"Bara'atu, ki gaya wa mijinki, bakwai nawa suna cikin rigar nan, ban san waɗanne ba. Duk wanda ya mutu, nawa ne ya mutu. Ki share mini ɗaki, ba inda za ni sai na ga gashinsu."

Haka aka yi. Kwana arba'in Gwadabe bai ɗaga murya a gidansa ba, bai ci abinci a tsakar gida ba, takalminsa ma a hannu yake shiga da shi. Inna na zaune a inuwa tana ba da umarni ta bakin 'yarta. A ba su ruwa mai ɗumi a murfin kwano da tsakuwa a ciki don kada su nutse. A ɓarza gero, kada a niƙa. A sa kasko da garwashi a gefen kwando in an yi ruwa. Kullum da sassafe ya tafi bayan gari ya tono gara a tsohuwar tukunya, ya dawo tana cizonsa har wuya. Da rana ya tsaya da sanda yana kallon sama saboda shirwa, in ya taka nan su bi shi, in ya koma can su bi shi. Direbobin Birnin Kudu da suka tambayi ina ɗan kamashonsu, Ɗanbala ya ce su yi haƙuri, yana jego, surukarsa ma ta zo zaman arba'in.

Ranar da kwanaki suka cika, 'yan tsaki arba'in da ɗaya aka ƙirga, ba wanda ya yi ko ɗingishi. Mata suka zo kowace ta ware nata, da ɗan musu amma ba a kai ga Mai unguwa ba. Inna ba ta yi musu da kowa ba. Ta bi ta tsakiyarsu ta tsamo bakwai masu ɗigon fari da baƙi, biyar mata biyu maza, ta daɗe tana shafa bayan ɗaya. Aka sa su a kwando aka ɗaure a bayan babur. Gwadabe ya rako ta ƙofar gida ya durƙusa, ya rame, wuyansa duk tabon gara. Unguwa ta fito sallama.

Inna ta hau ta gyara mayafi, ta yi magana yadda kowa zai ji.

"Bara'atu, ki gaya wa mijinki, injin nasa ban san shi ba. Amma shekara arba'in da uku ina kiwon kaji, ban taɓa ganin uwa ta gari irinsa ba."

Babur ya tashi. Gwadabe na durƙushe har ya sha kwana, idonsa ya kawo ruwa, don wannan ne yabo na farko da ya taɓa samu daga Basirka. Ɗanbala ya buɗe baki zai yi tsiya, amma ya makara. Gwadabe ya riga ya miƙe, ya sa takalmi, ya buɗe maƙogwaron da ya yi kwana arba'in a rufe, har sai da kajin unguwa suka firgita.

"Kun dai ji da kunnenku! Uwa ta gari! Duk mazan Gwaram, a fito da wanda surukarsa ta taɓa gaya masa haka!"